Yaran da Suka Iya Sauraro, Suka Ji Kunyar Rerawa

A da, idan farin wata ya fito, 'yan mata kan hallara a dandali su yi gaɗa. Ba malami, ba makaɗi, tafi ne kawai da amshi. Mai ba da waƙa takan saƙa sunan ƙawarta a ciki, ko ta yi wa wani saurayi habaici nan take. In ta kuskure a yi shewa a ci gaba. Babu wadda ke tunanin muryarta ba ta kai ba.

Yarinyar Fagge ko Damagaram ta yau ta fi kakarta jin waƙa nesa ba kusa ba. Tun daga zamanin kaset ɗin fim ɗin Sangaya har zuwa Jaruma ta Hamisu Breaker, wadda ta cika wayoyi a 2020, kunne ya saba da muryar da aka tace a sutudiyo, kwamfuta ta miƙe mata duk wata karkata, fiyano ya maye gurbin kalangu. Da yarinya ta buɗe baki ta ji tata muryar ɗanya, sai ta kama bakinta. Ta fi son ta ɗora waƙar wani a TikTok tana motsa leɓe kawai.

Makaranta ma ba ta gyara ba. A darasin fasaha da al'adu, malam yakan jera sunayen kayan kiɗa a allo, yara su haddace don jarrabawa, alhali hannunsu bai taɓa fatar ganga ba. Wanda kuwa aka tsayar gaban aji ya rera, 'yan aji suka tuntsire da dariya, da wuya ya sake. A gida kuma ga iyaye masu ganin kiɗa roƙo ne.

Alhali kiɗa ba sai da kayan tsada ko aji ba. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi ya yi suna: gwangwani, fata, tsirkiya ɗaya. 'Ya'yan makaɗa kuwa bin iyayensu suke yi wajen biki, su fara da amshi, hannu ya faɗa a hankali.

Saura tashe. Da azumi ya kai kwana goma, yara sukan ɗaure bakin gwangwani da leda, su bi gida-gida suna kiɗa da barkwanci, matan gida na miƙo musu hatsi ko 'yan kuɗi daga bakin zaure.