Me Ya Raba Yaranmu Da Magana Jari Ce?

A ɗakina akwai Magana Jari Ce duka uku, wani ɗan'uwa ne ya sayo mini daga Kano. Shekara biyu ke nan ina ba matasan unguwarmu aro a nan Maraɗi, amma ba wanda ya kai rabin na ɗaya. Bayan mako guda sai a komo mini da shi, a ce, "Malam, ya yi nauyi." Iyaye suna cewa wayar hannu ce ta jawo. Ban musa ba, sai dai tun kafin waya ta shigo aka soma gudun littafin.

Abubakar Imam ya rubuta shi a Zariya domin 'yan makaranta, na ɗaya ya fito a 1937. Ku dubi yadda ya gina shi. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri kuwa yana neman hanyar hallaka yaron. Aku ne ke riƙe Musa da labari kowane dare har gari ya waye, don kada ya fita. Watau littafin hirar dare ce aka zuba a takarda, kuma domin kunne aka yi shi. Imam ya san inda mai faɗi zai ja numfashi, ya san inda masu ji za su kwashe da dariya. Mu da muka yi firamaren mishan, a bakin malaminmu muka fara jinsa, yana sāke murya in Aku ya soma fadanci. Mun so labarin tun ba mu taɓa takardar ba.

Yaron yau ba wanda ya karanta masa. A lakwal da Faransanci ya koyi karatu. In ya buɗe littafin Hausa sai ya riƙa tuntuɓe da ƙ da ɗ da ɓ, yana tsintar kalma ɗaya ɗaya, kafin ya kai ƙarshen jimla daɗin maganar ya huce kamar tuwon jiya. A Nijeriya kuwa an mai da irin waɗannan littattafai abin jarrabawa, abin da aka haddace da tsoron faɗuwa kuwa da wuya a koma masa don marmari.

Amma kada mu ɗora wa yara laifin duka, gama littafin ma yana da nasa. Duniyarsa ta sarakuna ce da fadawa da bayi. Kuɗin ciki fam ne da sule, waɗanda Nijeriya ta bari a 1973, mu kuwa a nan ba su ne kuɗinmu ba tun can. Wannan mai sauƙi ne, bayani kaɗan ya isa. Abin da ya fi damuna shi ne mata. A labarai da dama mace ba ta da aiki sai makirci ko yawan surutu. 'Yata ta fari ta tambaye ni, "Baba, ina tawa a ciki?" Ban sami amsa ba. Ita In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ta cinye a kwana biyu. Hausarsa ba ta kai ta Imam zurfi ba, a ganina, amma yana maganar so da aure da iyaye masu duban dukiya, abin da take gani a gidajen ƙawayenta.

Akwai kuma iyaye a cikinmu masu cewa littafin Musulmi ne, a bar musu abinsu. Wannan kam kuskure ne. Hausar da ke ciki ita muke ciniki da ita, ita muke addu'a da ita.

A watan jiya wuta ta ɗauke da dare, matasa kamar goma suna zaune a ƙofar gidana. Na kunna fitila, na karanta musu labari biyu da ƙarfi, ina kwaikwayon malaminmu gwargwadon iyawata. Da na rufe, wani ya ce, "To, Musa ya fita ko bai fita ba?" Na ce sai gobe. Kashegari su goma sha huɗu suka zo, ba kuwa wanda ya nemi aron littafin.