Kwarjini a Fada da Bakin Gulbi

Masu nazarin adabin Turanci suna da kalmar "sublime", wadda Edmund Burke ya yi wa littafi guda a 1757. Abin da yake nufi da ita shi ne girman da ke tsorata mutum, amma ya hana shi kau da kai. Ɗalibanmu sukan fassara ta da ɗaukaka ko martaba. Ni dai a ganina kwarjini ya fi kusa, domin martaba ba wa mutum ake yi, ɗaukaka kuma samu ake yi, shi kuwa kwarjini a ƙirjin mai kallo yake aukuwa. Shi ya sa muke cewa "ya yi mini kwarjini", wato na zo da magana a bakina, na gan shi, maganar ta gudu.

Fadar Haɗeja, wadda ƙasar Kirikasamma take ƙarƙashinta, ta daɗe da sanin yadda ake gina wannan abu. Dubi hawan salla. Kafin a ga sarki sai an ji shi: tambari, kakaki, algaita. In ya fito kuma ba duka ake ganinsa ba. Amawali ya rufe baki, laima tana juyawa a sama, in zai hau doki ko zai gyara zama dogarai su baza manyan rigunansu su kare shi. Ka faɗi ka yi gaisuwa, wani ne zai amsa maka a madadinsa. Duk dabarar ɓoyewa ce da nisantawa, don ido ba ya jin tsoron abin da ya gama gani. Burke ma ya lura da haka, ya ce duhu da rashin ganin iyakar abu suna ƙara masa ban tsoro.

Sai kirari. Maroƙi ba ya kwatanta sarki da abu mai kyau kawai. Giwa yake kawowa, da zaki, da hadari, da gulbin da ya cika ya batse. A nan ne mutumin Kirikasamma ya fi ɗan birni fahimtar abin da ake faɗa. Giwa da zaki labarinsu yake ji, amma gulbi maƙwabcinsa ne. Wanda ya taɓa shiga kwalekwale da asuba a fadamar Baturiya cikin watan Satumba, ruwa ya shafe iyakar gona da hanya, kan itatuwa kaɗai ake hange, ya san yadda hira take mutuwa a bakin masunta ba tare da wani ya ce a yi shiru ba. Ruwan nan shi ne shinkafa, shi ne kifi, shi ne kuma ya cinye gonaki da gidaje a ambaliyar 2022. Ana sonsa, ana tsoronsa. Da maroƙi zai ce sarki gulbi ne, manomin fadama ya san ba yabo zalla ake yi ba, har da gargaɗi a ciki.

Wannan ya kawo mu inda mutane suke yawan kuskure. Kwarjini ba shaidar kirki ba ce. Sarkin Haɗeja Buhari, wanda ya bijire wa Sakkwato har ya karya rundunar da aka turo masa a Gamon Gafur, sunansa kaɗai yana tashin gari a zamaninsa, kuma garuruwan da ya kai wa hari ba da alheri suke tunawa da shi ba. Ya rasu a 1863 wajen yaƙin Bade. Sarkin Haɗeja Muhammadu kuwa, da ya ƙi miƙa wuya ga Turawa aka kashe shi a 1906, nasa kwarjinin ya haɗu da ƙauna, har yau Mai Shahada ake ce masa. Kalma ɗaya ce ta ɗauke su duka biyun, sai dai mutunci da adalci ma'auni ne daban.

Akwai ma masu neman kwarjini a wajen malamai da masu magani, a yi musu laya ko a ɗinka musu fatar goshin zaki. Ko ba komai, wannan ya nuna Bahaushe yana ɗaukarsa abin da ake iya samu, ake kuma iya rasawa.

Abin da ke damuna da kirarin yau shi ne araha. Mawaƙan siyasa sun raba toron giwa ga kowane kansila, jiniya da jerin gwanon motoci sun maye gurbin tambari, wanda ake yi wa kirarin kuma hotonsa yana manne a kowace bishiya yana murmushi. An bar ɓoyewa, an koma talla. Jiniya takan sa mutane su kauce daga hanya, amma ban taɓa ganin ta sa wani ya manta maganar da ke bakinsa ba.