Hannu na Uku a Hoton Maryam na Sabiyawa

Duk wanda ya fara ganin hoton sai ya sake ƙirgawa. Maryam ce rungume da jaririnta Isa Almasihu a damtsenta na dama, ɗaya hannun yana nuni gare shi, sannan can ƙasa ga wani hannu na daban ya leƙo daga cikin mayafi. Mutanen Sabiya suna kiran wannan hoton ibada Trojeručica, wato mai hannu uku, kuma kwafinsa ya cika gidaje da majami'un ƙauye, wani a kan katako, wani a takardar bugu.

Hannun ba na Maryam ba ne. Labarin cocin Otodoks ya danganta shi da Yuhana na Dimashƙu, malamin Kirista wanda gidansu ya yi wa halifofin Banu Umayya aikin baitulmali. A ƙarni na 8, lokacin da Sarkin Rumawa Leo na Uku ya ɗaura yaƙi da hotunan ibada, Yuhana ya yi rubuce-rubuce yana kare su. An ce sarkin ya ƙulla masa sharri da wasiƙar jabu, halifa ya sa aka sare masa hannun dama, ya kwana yana addu'a gaban hoton Maryam, gari ya waye hannun ya koma mazauninsa. Don godiya sai ya sa aka ƙera hannun azurfa ya liƙa a jikin allon.

Mu dai muna karanta wannan a matsayin ruwayar masu imani, domin tarihin rayuwarsa da ya kawo ta an rubuta shi ƙarnuka bayan rasuwarsa. Haka ma ci gabanta, cewa Waliyyi Sava ya ɗauko hoton daga gidan rahibai na Mar Saba a Falasɗinu, daga baya jaki ya kai shi Hilandar, gidan rahiban Sabiyawa da aka kafa a 1198 a Dutsen Athos na ƙasar Girka. Masana tarihin zane sun ce allon da ke Hilandar aikin ƙarni na 14 ne, kusan shekara 600 bayan Yuhana.

Inda muke da ja shi ne hukuncin da ake yanke wa mai zanen ƙauye. A allon Hilandar, hannun ƙarfe ne da aka ɗora daga waje, kowa na ganin kyauta ce ta wanda ya warke. A yawancin kwafin talakawa kuwa an shafa masa launin fata, kamar a jikinta ya tsiro. Masu tara kayan tarihi kan ce jahilci ne, mai zane ya kwafi abin da bai fahimta ba. Wataƙila haka aka fara. Amma kuskuren da aka yi ta maimaitawa tsara bayan tsara, jama'a na saye suna kunna masa fitila, ya wuce a kira shi tuntuɓen alƙalami. Ma'anar ce ta sauya. Hannun azurfa yana ba da labarin mutum ɗaya a Dimashƙu, hannun fata kuwa yana cewa uwar nan tana riƙe da ɗanta da hannu biyu, ga kuma guda da ya rage wa mai roƙo. Kada a manta, mata ba sa taka Dutsen Athos, don haka kwafin nan shi ne wanda tsohuwar ƙauye ta sani.

Sai dai hannu uku kaɗai ba ya tabbatar da cewa allo daga Sabiya ya fito. An kai kwafi Rasha tun ƙarni na 17, can ma ya yaɗu sosai. Haruffan Girkanci da ke gefen kan Maryam, taƙaitaccen laƙabinta ne, ana samunsu ko'ina a duniyar Otodoks. Mai neman asali sai ya juya allon, ya duba irin katakon da duk wani rubutu na Sirilik da aka bari, ko sunan mai zane, ko na ƙauye, ko na iyalin da suka biya kuɗin aikin.