Ɓarawon da Sa'a ta Guje Masa: Nazari a kan Barkwancin Sata a Ƙagaggen Labari

Duk wanda ya tashi a Tasawa ko Mayahi ya san ɓarayi iri biyu a cikin adabi. Na farko shi ne Gizo na tatsuniya, wanda kwaɗayi ke kai shi gonar gyaɗar mutane har ya manne a jikin mutum-mutumin danƙo. Na biyu shi ne gwanin sata irin Sarkin Ɓarayi Nomau na Magana Jari Ce, littafin da Abubakar Imam ya rubuta a ƙarshen shekarun 1930, wanda ke cinye duk jarrabawar da aka gindaya masa. Ɗaya ana yi masa dariya saboda zarinsa, ɗayan kuwa ana jinjina wa wayonsa.

Akwai iri na uku, wanda marubucin Amurka Donald Westlake ya fito da shi a 1970 cikin littafinsa The Hot Rock. Tauraron labarin, John Dortmunder, ƙwararren ɓarawo ne a birnin New York, mai tsara aiki daki-daki, ba ya son zubar da jini, amma sa'a ba ta tare da shi. Jami'in wata ƙasar Afirka ta ƙage ya ɗauke shi hayar sato dutsen zumurrudu, sai ga shi yana sake satar dutsen nan ɗaya sau da yawa, domin duk lokacin da ya shigo hannu sai ya kuɓuce. Westlake ya rubuta littattafai 14 a kan wannan tauraro kafin rasuwarsa a 2008.

Abin lura shi ne inda dariyar ke sauka. Dortmunder ba wawa ba ne, don haka mai karatu ba ya raina shi. Abin dariyar shi ne tazarar da ke tsakanin kyakkyawan shiri da abin da rana ke haifarwa. Hausawa na cewa rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. A nan lissafin ya juye, ɓarawon ne ke neman rana ɗaya tak. Bugu da ƙari, masu cutarsa su ne lauyan abokin aikinsa da jami'in da ya ba shi aikin, wato mutanen da jama'a ke gaisarwa da ladabi. Ta haka labarin ke tambayar wane ne babban ɓarawo.

Malamai na iya fargabar cewa irin wannan rubutu yana ƙawata sata a idon yara, kamar yadda aka daɗe ana muhawara a kan waƙoƙin marigayi Muhammadu Gambu mai waƙar ɓarayi. Fargabar tana da tushe, domin Westlake kan sa mai karatu ya goyi bayan mai laifi, kuma da wuya ya nuna hawayen wanda aka yi wa sata. Sai dai babu yaron da zai yi sha'awar rayuwar Dortmunder: wahala mai yawa, riba kaɗan, ga tsoron kurkuku kullum.

Darasin da ke nan ga marubuta da ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na jihar Maraɗi shi ne ba dole labarin ɓarawo ya ƙare da duka a kasuwa ko da dogon wa'azi ba. Ɓarawon awaki da ya shirya komai, sannan akuyar ta ƙi tafiya, zai iya isar da gargaɗin cikin raha.