ƘA'IDAR SAMA DA ƘASA: TSOKACI A KAN YADDA AKE KOYAR DA FEƊE AIKIN KYAMARA A MAKARANTUN SAKANDARE

1.0 Gabatarwa

A makarantun sakandare na ƙasar Ingila akwai darasin nazarin kafofin watsa labarai, wanda ake ɗaukar jarrabawarsa kamar yadda ake ɗaukar ta tarihi ko lissafi. Daga cikin abubuwan da ake bukata ga ɗalibin wannan darasi akwai iya feɗe aikin kyamara a fim da talabijin. A tsarin da hukumar jarrabawa ta OCR ta soma aiki da shi a 2008, alal misali, akan nuna wa ɗalibai wani yanki na wasan kwaikwayon talabijin mai tsawon kamar minti biyar, har sau huɗu, sa'an nan su rubuta yadda aka sarrafa kyamara da sauti da haɗin hotuna da tsarin dandali. Daga baya an sake wannan manhaja, amma dabarar da ake shirya ɗalibai da ita tana nan cikin littattafan bita.

Dabarar kuwa ita ce a miƙa wa yaro wani ɗan ƙamus ya haddace. Idan an ɗauki mutum daga ƙasa, kyamara tana ɗaga kai tana dubansa, to ana nuna ikonsa ne. Idan an ɗauke shi daga sama, ana nuna rauninsa. Wannan shi na kira ƙa'idar sama da ƙasa. Manufar wannan takarda ita ce ta gwada ƙa'idar a kan finafinai huɗu sanannu, domin a ga ko za ta iya ɗaukar nauyin da aka aza mata. A ganina ba za ta iya ba, kuma illarta ta wuce ta kuskure kawai, domin tana koya wa ɗalibi ya rubuta amsa tun bai kalli abin da ke gabansa ba.

2.0 Inda ƙa'idar ta samo ƙarfi

Kafin a soki abu ya kamata a ba shi hakkinsa. A fim ɗin farfaganda na Triumph des Willens (1935), Leni Riefenstahl ta yawaita ɗaukar Hitler daga ƙasa, babu kome a bayansa sai sararin sama, ta kuma ɗauki dubban magoya bayansa daga bisa, har suka koma kamar jerin kunyoyi a gona. A nan ƙa'idar ta yi daidai. Sai dai a lura, fim ne da aka shirya shi tun daga farko har ƙarshe don ɗaukaka mutum guda. Kiɗa da tutoci da sowar jama'a duk suna faɗin abu ɗaya, kyamara amshi kurum take yi.

3.0 Kane a daren da ya faɗi zaɓe

Misalin da littattafan koyarwa suka fi kawowa shi ne Citizen Kane (1941) na Orson Welles, wanda Gregg Toland ya ɗauki hotonsa. Gaskiya ne an ɗauki Kane daga ƙasa a wurare da yawa. To, amma ina ne kyamara ta fi yin ƙasa? A fitowar da ta biyo bayan faɗuwarsa zaɓen gwamna ne, bayan abokin hamayyarsa Gettys ya tona asirin mu'amalarsa da Susan Alexander. An ba da labarin cewa sai da aka fasa daɓen ɗakin ɗaukar fim aka haƙa rami, aka saka kyamara ciki, don a sami wannan ɗauka. Kane yana cikin ofishi wanda kowa ya watse ya bar shi, takardun yaƙin neman zaɓe warwatse, ga amininsa Leland ya shigo a buge yana gaya masa magana mai ɗaci, daga ƙarshe ya nemi a mai da shi aiki Chicago.

Ɗalibin da ya haddace ƙamus zai rubuta cewa an ɗauki Kane daga ƙasa don a nuna ikonsa. Amma a wannan dare mutumin ya rasa kujera, ya rasa mutunci, yana kuma cikin rasa aboki. Abin da ido yake gani shi ne dogon mutum wanda rufin ɗaki ya kusa taɓa kansa, domin Toland ya sa an yi wa ɗakunan rufi na yadi, abin da ba a saba yi ba a lokacin, kuma ɗauka daga ƙasa ita ce take fito da rufin. Girman yana nan, amma ya zama girman kuka a fili, babu kowa a inuwarta. Tsawon da kyamara ta ba shi ya koma abin auna faɗuwarsa. Wato ɗaukar ba ta rasa alaƙa da iko ba, sai dai abin da take faɗa game da ikon kishiyar abin da ƙamus ya tanada ne, kuma ba za a gane haka ba sai an san abin da ya faru a fitowar da ta gabata.

4.0 Ɗauka daga sama don ɓoye fuska

A Psycho (1960) na Alfred Hitchcock, ɗan bincike Arbogast ya shiga gidan Bates yana hawan matakala a hankali. Yana isa sama sai kyamara ta koma can ƙololuwa tana leƙo tsakar kansa, sai ga wata siffar tsohuwa ta fito daga ɗaki da wuƙa. Amsar jarrabawa a shirye take: an nuna raunin Arbogast. Ba zan ce babu ƙamshin gaskiya a ciki ba. Amma Hitchcock da kansa ya bayyana wa François Truffaut dalilansa, a littafin hirarsu da ya fito a 1966. Na farko, yana so ya ɓoye fuskar mai kisan ba tare da mai kallo ya ji ana ɓoye masa wani abu ba, domin asirin fim ɗin gaba ɗaya a wannan fuska yake. Da ya ɗauko ta ta baya, da an yi zargi. Na biyu, yana so a tashi daga ƙaramin hoto na nesa a faɗa kan babbar fuskar Arbogast da ta cika allo, don mai kallo ya zabura.

Ashe ke nan ɗaukar tana aikin riƙe sirri da aikin shirya wa ɗaukar da ke bin ta hanya. Duk biyun babu su a ƙamus, domin ƙamus yana duban hoto ɗaya ne a ware, kamar mai fassara kalma ba tare da jimla ba.

5.0 Ɗaki guda, mutum goma sha biyu

Fim ɗin da ya fi dacewa da aji, a nawa ra'ayi, shi ne 12 Angry Men (1957) na Sidney Lumet, wanda Boris Kaufman ya ɗauka. Kusan dukkansa a ɗaki ɗaya aka yi shi, inda masu taya alƙali yanke hukunci su goma sha biyu suke muhawara a kan wani saurayi da ake tuhuma da kashe mahaifinsa. Lumet ya bayyana tsarinsa a littafinsa Making Movies (1995). Ya ɗauki sulusin farko kyamara tana sama da ido, na biyu daidai ido, na ƙarshe kuma ƙasa da ido. Haka kuma yana tafe yana sauya gilashin kyamara zuwa mai dogon zango, wanda yake matso da abin da ke baya, har bango ya zama kamar yana jingine da kafaɗun mutanen, rufi kuma ya sauko.

Idan aka bi ƙa'ida, sai a ce mutanen nan sun fara da rauni sun ƙare da iko. Duk wanda ya kalli fim ɗin ya san akasin haka ne ya faru ga masu tsaurin ra'ayin cikinsu: sun shigo da tabbaci, suna ta zubewa ɗaya bayan ɗaya, cikin zafi da gumi. Saukar kyamara ƙunci take ƙarawa. Da aka gama, aka fito bakin kotu, sai Lumet ya ɗaga kyamara sama fiye da ko'ina a fim ɗin, da gilashi mai faɗin gani, domin mai kallo ya sami numfashi. A nan ɗauka daga sama sakewa ce. Babban darasi kuwa shi ne babu wata ɗauka guda da za a tsayar a ce ga ma'anar nan. Ma'anar tana cikin sauyin da ya ɗauki fiye da sa'a ɗaya da rabi yana gudana, wanda mai kallo yake ji a jikinsa ba tare da ya ankara ba. Yankin minti biyar ba zai taɓa nuna shi ba, kuma wannan aibi ne na tsarin jarrabawar kanta, bai kamata a ɗora wa ɗalibi ba.

6.0 Kyamarar da ke zaune a tabarma

Yasujiro Ozu na Japan ya shahara da ajiye kyamara ƙasa-ƙasa, bai fi tsawon mutumin da ke zaune a daɓe ba. A Tokyo Story (1953), labarin tsofaffi biyu da suka taso daga Onomichi don ziyartar 'ya'yansu a Tokyo, suka tarar kowa harkar gabansa ta sha masa kai, haka kyamara take tun daga farko har ƙarshe, kuma da ƙyar take motsi. Tsohon da aka yi wa shakulatin ɓangaro da 'yar da ta yi masa, duk wuri ɗaya kyamara ta zauna ta dube su. Wa ke da iko ke nan? A nan ɗalibai kan haɗa abu biyu da suka bambanta, wato tsawon inda kyamara take da kuma karkatar da take yi. Ta Ozu tana ƙasa amma ba ta cika ɗaga kai ba, gaba take duba. Abin da ya zama ruwan dare a fim kuwa ba ya ɗaukar ma'anar da yake ɗauka a inda ya zo sau ɗaya.

Wannan misali ya shafe mu kai tsaye, mu da muke duba ayyukan ɗalibai a kan finafinan Hausa. Ƙa'idar ta ginu ne a kan zaton cewa mai iko shi ne wanda ya fi kowa tsawo a ɗaki. A fadar Bahaushe kuwa sarki a zaune yake, dogarai ne a tsaye. Malam yana kan buzu, almajirin da ya kawo saƙo ya iso a tsaye kafin ya durƙusa. Idan mai ɗaukar hoto ya ajiye kyamara a inda talaka ya faɗi gaisuwa, wanda zai fi cika allo da tsawo shi ne dogari, kuma ɗalibin da ya riƙe ƙamus zai naɗa shi sarauta. Mai kallo Bahaushe ba ya ruɗewa, domin yana karanta wanda ya cire takalmi, da wanda ya sunkuyar da kai, da wanda ba ya ɗaga murya sai an maimaita maganarsa.

Ba baƙuwar cuta ba ce a wurinmu. Duk wanda ya taɓa duba takardun jarrabawar waƙa ya ga ɗalibin da zai jero kamance da siffantawa da jinsintarwa, ya kawo baiti a gaban kowanne, ya tashi bai faɗi abin da ko ɗaya ya yi wa waƙar ba. Mu muka ba shi maki a kan haka, shi ya sa ya ci gaba.

7.0 Abin da za a iya gwadawa a aji

Sunayen ɗauka suna da amfani, ban ce a daina koyar da su ba, domin ba a yin nazari sai da kalmomin aiki. Shawarata ita ce kada a karɓi bayanin wata ɗauka daga ɗalibi sai ya faɗi wadda ta gabace ta da wadda ta biyo ta, da kuma yadda aka saba ɗaukar wannan mutum a sauran fim ɗin. Za a iya farawa da Kane. A tsayar da hoton daren zaɓe, a rufe sauti, a ce kowa ya rubuta abin da ya gani. Yawanci za su rubuta iko. Sa'an nan a koma baya minti goma, a saki fim ɗin da sautinsa har ya iso wannan wuri, a mayar musu da takardunsu su gyara da jan biro.