3.4 Sharhi a Kan Yadda Ake Rarraba Littattafan Hausa Bisa Fanni a Laburaren Intanet

Wannan sashe zai duba tsarin da laburaren intanet ke bi wajen rarraba littattafai bisa fanni, da irin tasirinsa ga mai nazarin Hausa. An ɗauki Open Library, wanda hukumar Internet Archive ta Amurka ta buɗe a 2006, a matsayin abin misali. Akasarin bayanan littattafansa daga kundayen manyan laburare aka kwaso su, don haka ya gaji tsarinsu, alheri da aibi.

Tsarin Dewey, wanda Melvil Dewey ya fitar a 1876, ya kasa ilmi gida goma, ya ba adabi lambobi 800 zuwa 899. Amurka da Turai sun kwashe daga 810 zuwa 889, sauran duniya kuwa aka cusa ta cikin 890. A nan adabin Hausa ya sami 893.72, kusa da adabin tsohuwar Masar da na Barbar. Tatsuniya kuma an kai ta 398.2, cikin al'adu. Ke nan Ruwan Bagaja na Abubakar Imam yana gida guda, tatsuniyoyin da Frank Edgar ya wallafa tsakanin 1911 da 1913 suna wani gidan, alhali manazartan Hausa suna ɗaukar adabin baka da rubutacce a matsayin rassan bishiya ɗaya.

Illar wannan takan fito fili idan ɗalibi daga Babban Mutum ya so yin nazarin labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu. Zai tarar da littafin M. G. Smith na 1978 a kan Daura a ƙarƙashin tarihin Nijeriya. Littafin H. R. Palmer na 1928, mai ɗauke da ruwayar Daura, sunansa bai ambaci Daura ba. Sunayen fannonin ma da Ingilishi suke. Bugu da ƙari, haruffa masu lanƙwasa sukan rikita bincike, domin wani ya rubuta "waƙa", wani "waka".

Duk da haka, ba za a ƙi yaba wa tsarin ba. Littafin da a da sai an yi tattaki zuwa Laburaren Kashim Ibrahim a Zariya, yanzu ana iya gano shi ta wayar hannu, kuma ana iya ba littafi guda fannoni da dama, abin da kanta ba ta iyawa.

Bisa wannan, nazarin yana ganin gyaran yana hannun sassan Hausa na jami'o'i. Ya kamata su tsara sunayen fannoni da Hausa, kamar zube da waƙa da wasan kwaikwayo da tarihihi, su kuma shigar da su, tun da Open Library ya ba masu rajista damar gyara bayanan littafi. Idan ba a yi haka ba, littafin yana nan, amma ɗalibin Babban Mutum ba zai same shi ba.