Agogon soja da hannun da ya ɗaura shi

A kasuwannin gwanjo na Landan, Jeneba da Paris akwai wata sha'awa da ta yi ƙarfi, wato tara tsoffin agogunan hannu waɗanda rundunonin soja suka raba wa dakarunsu a ƙarni na 20. Masu wannan sha'awa suna da littattafansu da ƙa'idojinsu. Ya dace mu auna aikinsu kamar yadda muke auna littafi ko fim, domin su ma labarin yaƙi suke bayarwa, kuma duk mai ba da labari yana da abin da ya ɗauka da abin da ya bari.

Abin da suka fi nema shi ne agogunan da ma'aikatar yaƙi ta Ingila ta sa kamfanoni 12 suka ƙera mata a ƙasar Suwis, cikinsu har da Omega, Longines, IWC, Cyma da Grana. Sharaɗi ɗaya aka gindaya masu duka: baƙar fuska, lambobi farare, hannaye masu haske cikin duhu, da jikin da ruwa ba ya shiga. A marfin baya an zana haruffa W.W.W. tare da alamar kan kibiya, shaidar cewa kayan gwamnati ne. An ƙera wajen 150,000, aka miƙa su a 1945. Daga baya masu tarawa suka raɗa masu suna Dirty Dozen, aro daga wani fim na Amurka na 1967. A ɓangaren Faransa kuwa, Type 20 ne ake rububi, wanda Breguet, Dodane da wasu suka yi wa matuƙan jiragen yaƙi a shekarun 1950.

Abin yabo a nan shi ne tsantseni. Gwanin mai tarawa ba ya karɓar magana sai da hujja. Yakan gwada lambar da ke bayan agogo da wadda ke cikin injinsa, ya duba ko an sake fentin fuska, domin jabu ya yi yawa. A bayan Type 20 yakan karanta haruffa FG da kwanan watan da ke biye da su, waɗanda ke nuna ranar da garantin gyara zai ƙare, ta haka ya san shekarun da agogon ya yi yana aiki. Ba ya yarda a goge tabo don agogo ya yi ƙyalli, saboda a wurinsa tabon ma shaida ne. Malamin tarihi zai yi murna in ɗalibansa sun riƙi takardun da haka.

Sai dai labarin da ake sayarwa tare da agogon ya fi agogon ado. Ana kiran W.W.W. agogon Yaƙin Duniya na Biyu, alhali ya iso ne yaƙin na gab da ƙarewa, kuma ba kowane soja aka ba shi ba, sai masu aiki na musamman kamar ƴan sadarwa da masu harba igwa. Farashi kuma ƙaranci yake bi. Omega ya yi wajen 25,000, na Grana kuwa ba su wuce 5,000 ba, don haka Grana ya fi tsada nesa, ko da bai taɓa barin ɗakin ajiya ba. Hasken nan da ake sha'awa ma na radiyom ne, sinadarin da ya kashe mata masu fentin agogo a Amurka a shekarun 1920, waɗanda aka koya wa tsotsar bakin buroshi don ya yi tsini.

Babban giɓin shi ne mutumin da kansa. Dakarun Afirka ta Yamma sun yi yaƙin Bama ƙarƙashin Ingila a runduna ta 81 da ta 82, da yawansu Hausawa. Ƴan ƙasarmu sun yi yaƙi ƙarƙashin tutar Faransa. A ranar 1 ga Disamba 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wuta kan dakarun Afirka da suka nemi haƙƙinsu. A 1959 Faransa ta daskarar da fanshon tsoffin sojojin ƙasashen da ta mallaka, ba a daidaita shi gaba ɗaya da na Faransawa ba sai 2011, bayan mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya. Darajar kayan soja ta yi ta hawa a gwanjo a daidai shekarun da haƙƙin sojan yake tsaye wuri ɗaya. Wannan lissafi ba ya cikin kundin masu gwanjo.

To, mu ɗauki tsantsenin, mu ɗora shi inda ya fi cancanta. A Maraɗi, Damagaram da Tawa akwai gidajen da littafin soja, lambar girma da hoton kaka suke cikin adaka, gara na ci. Malaman lakkol da ƙungiyoyin raya al'adu suna iya sa ɗalibai su ɗauki hoton waɗannan takardu, su rubuta suna, lamba, runduna da shekara, su naɗi abin da ƴaƴan tsohon sojan suka ji daga bakinsa. Ƴaƴan nan su ma sun manyanta, kuma abin da suka sani ba a zana shi a bayan kowane ƙarfe ba.